Ba-Sara da Gwiwar Matarsa

A layin mahauta na kasuwar nan tebur goma sha ɗaya ne, goma daga cikinsu kowanne da gatarinsa. Na sha ɗayan, wanda ke can ƙarshe kusa da famfo, na wani dattijo ne da ake kira Ba-Sara, kuma shekara arba'in da 'yan kai ba wanda ya taɓa ganin gatari a kansa. Wuƙa biyu ce kawai, babba da ƙarama, sai dutsen washi da ya yi rami a tsakiya don tsufa.

Daga aikinsa sunan ya fito, don shi ba ya sara. In aka ajiye masa ƙafar saniya, ba ya gaggawa. Zai kama ƙwaurin ya lanƙwasa, ya miƙar, ya sake lanƙwasawa, babban yatsansa na kan gwiwar yana laluben inda ƙashi biyu suka haɗu. Da ya ji gurbin sai ya zura tsinin ƙaramar wuƙa, ya tsinke jijiya biyu ko uku, ƙafar ta rabu da kanta ba gardama, kan ƙashin ya fito fari sol yana sheƙi. Wanda ya sayi nama a wurinsa bai taɓa tauna ɓarɓashin ƙashi a miya ba.

Sauran mahautan kuwa masu faskare yake kiransu, a gaban idonsu. "Allah Ya yi wa abu ƙofa, ku sai kun fasa bango," in ji shi. "Ku koma daji mana, itace na can yana jiranku." Su ma ba sa ƙaunarsa, kuma ba za a ga laifinsu ba. Aiki dai ya iya, amma in ya gaya maka magana ko kare ba zai ci ba.

Yana ɗan shekara tara ubansa, wanda shi ma mahauci ne, ya yanke ƙafar zakara ya miƙa masa, ya nuna masa wata farar igiya da ta leƙo daga wurin yankan, ya ce ya ja. Ya ja, sai yatsun ƙafar suka dunƙule kamar zakaran na da rai. Ya saki, suka buɗe. Uban ya ce, "To ka gama karatu. Ƙashi sanda ne, ba ya motsa kansa. Tsoka ce ke jansa, wannan igiyar kuma ita ke ɗaure tsokar a jikin ƙashi. Ita tsoka ja kawai ta iya, ba ta iya turawa ba. Shi ya sa kowace gaɓa take da ta gaba da ta baya, wannan ta ja gaɓar ta lanƙwashe, waccan ta ja ta miƙe. Da kai da saniya da zakaran nan, duk haka aka harhaɗa ku."

Tun daga ranar ya daina ganin mutane, sai nama da ƙashi. Mutum zai tunkaro teburinsa ya sha tufafi masu tsada, kafin ya yi sallama Ba-Sara ya riga ya feɗe shi da ido: wannan ƙugunsa ya karkace, wancan wuyansa ya ƙage, wannan cinyar ba komai a cikinta sai ruwa. 'Yan dako da masu wanki kaɗai yake ɗaga wa ƙafa, don bayansu ya san aiki. Ma'aikatan ofis kuwa suna ɗaya gare su a wurinsa, naman turke. Duk mahauci ya san bambancin. Dabbar da aka ɗaure a turke ana ɗura mata dusa takan yi kyau a ido, ta yi ƙiba ta yi sheƙi, amma ka feɗe ta ka tarar tsokar ta yi fari-fari ta saki, kitse ya ratsa ta, gaɓoɓin sun yi tauri. Wadda ta yi yawon neman abincinta kuwa namanta ja ne, a ɗaure, gwiwarta na juyawa kamar an zuba mata mai. Masu saye na turken suke so don laushi, shi ya sa su ma ya raina su.

Mutum ɗaya tak bai taɓa rainawa ba, matarsa, wadda unguwa ke kira Mai Ɗinki. Yana saurayi ya kai rigar aikinsa a yi masa faci a shagon uwarta, ya tarar da yarinyar a kan keken ɗinki irin na ƙafa. Da wani saurayin ne, fuskarta zai kalla. Shi ƙasa ya duba, ya ga yadda diddigenta ke sauka yatsu na tashi a kan feda, agarar bayan ƙafar tana miƙewa tana saki ba kuskure. Ranar da ya fara zuwa wurinta hira, abin da ya fara gaya mata ke nan, wai agararta mai kyau ce. Saura kaɗan ta jefe shi da almakashi. Ta aure shi duk da haka, ta zauna da shi shekara talatin da takwas, kuma ba a yin mako ba ta gaya masa ba: "Kai dai an feɗe bakinka ne aka manta ba a mayar da fatar ba."

Suka haifi mata uku da namiji ɗaya. Matan aure ya kai su nesa. Namijin shi ne Manaja, haka kowa ke kiransa tun da ya samu kujera a wani kamfani, har uwar da ta haife shi. Tun yana makaranta yake ce wa abokansa ubansa ɗan kasuwa ne, kuma in ya gaisa da uban sai an gan shi yana shinshina tafin hannunsa a ɓoye. Ya girma ya yi tumbi, ya gina gidan bene, ya sayi injin nan da ake gudu a kai ba a zuwa ko'ina ya kafa a falo, tawul ake shanyawa a kansa. Yana son uwarsa, wannan ba ƙarya ba ne, amma irin son nan ne da sai an sauke shi daga bayan mota a kwali, kowa na gani. Ba-Sara in ya dube shi ba ya ganin komai sai kilo casa'in na naman turke da agogo a hannu.

Wata rana da hantsi Mai Ɗinki tana kan keke tana haɗa wata doguwar riga, sai ƙafarta ta dama ta zame daga kan feda, hannun ya saki yadin, ta sulale ƙasa. Aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Mako uku suka yi a asibiti, Ba-Sara yana zaune a bakin gado yana raina likitoci ɗaya bayan ɗaya, har aka turo musu likitar gashin ƙashi, wata 'yar ƙaramar mata mai gajerun yatsu. Ya ga yadda ta kama gwiwar matarsa, ta sa babban yatsa daidai inda shi zai sa, sai ya gyara zama.

Ta ce, "Baba, ƙashinta lafiya lau, tsokar ma ba abin da ya same ta. Saƙon da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa ne ya yanke. Ƙwaƙwalwa takan nemi wata hanyar, amma sai in ta tarar da gaɓar tana motsi. In aka bar ta a kwance, tsokar da ke lanƙwasawa za ta fi mai miƙarwa ƙarfi, ta ja ta gajarce, gaɓar ta kulle a haka. Sau uku a rana za a lanƙwasa a miƙar, kafaɗa, gwiwar hannu, yatsu, ƙugu, gwiwa, idon sawu. Za ta ji zafi, a bi a hankali, amma kar a fasa. Abin da za ta iya yi da kanta kar a yi mata. Kuma kar a sa mata filo a ƙarƙashin gwiwa, ko ta roƙa."

"Na sani," in ji Ba-Sara.

"Ka taɓa jinyar irin wannan ne?"

"Na dai feɗe dubu."

Ta dube shi ta yi dariya, ta ba shi wata takarda mai zanen mutum a kwance ana ɗaga masa ƙafa.

Da suka dawo gida ya koma rufe tebur da azahar, abin da bai taɓa yi ba. Safe, rana da yamma zai durƙusa a gaban katifa ya kama ƙafar. Hannunsa ya san aikin. Ba ya tilasta wa gaɓa, sai ya kai ta inda ta tsaya ya riƙe, ya jira tsokar ta gaji ta saki, sannan ya ƙara ɗan kaɗan. Ya ɗaura igiya a ƙarfen taga don ta riƙa jan kanta ta zauna. Kofin ruwanta kuwa a dama yake ajiye shi, ɓangaren da ya shanye, ɗan nesa da inda hannun ke kaiwa, ya ce in ya ga hagu ta ɗauka zubarwa zai yi. Da la'asar ya ɗora ta a kujerar keken ɗinki, ya sa ƙafarta a kan feda, ya sa tasa a gefe yana takawa tata tana bi, keken na gudu ba zare a allura. Rigar da take haɗawa ranar da ta faɗi tana linke a gefen keken, ta hana kowa ɗagawa, ta ce ita za ta ƙarasa ta.

A mako na shida babban yatsan ƙafar ya motsa da kansa. A na takwas ta tsaya riƙe da ƙyauren ɗaki har ya gama wasa wuƙa ɗaya. Hannun ma ya fara jawo kofi kamar taƙi guda. Duk wannan aikinsa ne, ba mai ƙwace masa. Amma a duk makonnin nan kalmar sannu ba ta fito daga bakinsa ba ko sau ɗaya. Tana kuka, shi kuwa, "Miƙe, ba ki mutu ba." Ta ce ta gaji, ya ce, "Tsoka ce ta gaji, ke me kika yi?" Mace ce da ta ɗinka wa rabin unguwa sutura, yanzu bakinta ya karkace, yawu na zuba sai ta share da hagu, ba ta son ko maƙwabta su leƙo ta. Shi da yake hango jijiya ta cikin fata, wannan bai gani ba.

Ranar wata Asabar Manaja ya zo da matarsa, da kwalaye a bayan mota. Tun daga ƙofar gida suka jiyo kukan. Suka shiga suka tarar tsoho ya danne cinyar uwar da hannu ɗaya yana miƙar da ƙwaurin da ɗayan, ga kofin ruwa can gefe, leɓenta a bushe. Matar Manaja ta yi wuf ta ɗauki kofin ta kafa mata a baki.

"Ajiye," in ji Ba-Sara.

"Baba, ƙishirwa fa take ji."

"Da hannunta."

Manaja ya ce, "Baba, wannan ai azaba ce. Mama ta yi mana wahala shekara da shekaru, yanzu lokacin hutunta ne. Na gyara mata ɗaki a gidana, na ɗauki mai jinya, ko tsinke ba za ta ɗaga ba."

"Shi ne abin da nake tsoro."

"Mene ne abin tsoro a hutu?"

Da wani ne, da sai ya zaunar da yaron ya ce, ɗana, ga abin da likita ta ce, ga yatsan da ya motsa, zo ka taɓa ka ji. Maganar minti biyar ce. Amma Ba-Sara ne. Ya tashi ya fita tsakar gida, ya buɗe buhun da ya dawo da shi daga kasuwa, ya shigo da ƙafa biyu, ta akuya da ta tunkiya, ya shimfiɗa su a gefen keken ɗinki, a kan rigar nan da aka linke.

Ya zaro ƙaramar wuƙa ya tsaga ta akuyar. "Wannan yawo ta yi. Dubi yadda ta yi ja." Ya ja agarar, kofaton ya lanƙwashe. Ya tsaga ta tunkiyar. "Wannan kuma wata shida a turke, ana kai mata ci da sha har baki. Taɓa mana, Manaja, ba ta cizo, ai irin naka ne." Matar Manaja ta toshe hanci da gefen mayafi. Shi kuwa ya ɗaga ƙafar tunkiyar sama ya nuna matarsa da ita. "Ga uwarka nan in ka ɗauke ta. Tunkiyar turke. Ka ciyar da ita ta yi ƙiba ta yi sheƙi, ranar da aka kwance ta ko tsayuwa ba za ta iya ba."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ba a taɓa faɗin gaskiya da wauta irin wannan ba. Mai Ɗinki ba ɗanta take kallo ba, ba mijinta ba. Rigar take kallo, ruwan jini na bin yadin a hankali. A gaban matar ɗanta aka ɗaga ƙafar dabba aka ce ita ce. Ta tattara bakinta da ƙyar ta ce, "Manaja. Ku kai ni."

Ba-Sara ya goge wuƙarsa a wando. "A sauka lafiya," ya ce. Ya miƙa wa ɗan takardar likita, Manaja ya karɓa da hannu biyu don ladabi, ya cusa ta a akwatin gaban mota, can ta yi zamanta.

Wata biyar bai taka gidan ba. Ya koma kaiwa magariba a tebur, bakinsa ya ƙara kaifi, har wata mata da ta ce a yanka mata wuri mai laushi ya kore ta. Rigar ya wanke ta sau uku, tabon bai fita ba, ya linke ya mayar inda take. Manaja yakan kira a waya duk ƙarshen mako: "Baba, Mama tana hutawa, ta yi kyau." Likitar gashin ƙashin nan ta je gidan sau biyu, a na biyun uwar ta yi kuka, Manaja ya sallami likitar da godiya, ya ce ba a gidansa za a sa uwarsa hawaye ba. Da labarin ya iso wa Ba-Sara tsaki kawai ya ja, ya ce, "Jakai. Za su neme ni." Jira yake a zo a ce masa shi ke da gaskiya. Yana wasa wuƙa yana bin abin a ransa, yanzu tsokar cinya ta fara zubewa, yanzu ta bayan gwiwa ta fara ja, yanzu idon sawu ya fara saukowa. Ya san daidai yake hasashe, har wani daɗi-daɗi yake ji.

Aka kuwa neme shi. Wata safiya matar Manaja ta zo kasuwa da kanta, ta tsaya taku uku daga teburin tana tattare bakin zane kar ya taɓa ƙasa.

"Baba, ina kwana. Mama ce ta ce a kira ka."

"Turken ya ishe ta?"

Ta sunkuyar da kai. "Jiya ta ce a tsayar da ita. Mu uku muka kama ta. Ƙafar ba ta kai ƙasa ba."

Ya bar teburinsa a hannun maƙwabcinsa mai gatari, abin da ya sha rantsuwa ba zai yi ba, ya bi ta.

Ɗakin a hawa na sama yake, wai nan ya fi iska, wato ko ƙafar ta warke sai ta sauko matakala ashirin kafin ta ga ƙofar gida. Ga na'urar sanyaya ɗaki, ga talabijin rabin bango, ga 'yar ƙararrawa an ɗaura mata a hagu, da ta kaɗa mai jinya ta shigo. Ga kujera mai taya sabuwa dal a kusurwa. Mai Ɗinki na kwance a katifa mai laushin da mutum ke nutsewa ciki, ta yi fari, kumatu sun ciko. A ƙarƙashin gwiwarta ta dama kuwa filo biyu ne, masu riga mai furanni.

"Baba, dubi yadda ta murmure," in ji Manaja yana murmushi, kuma da gaske yake. "Ba ka gane ta ba ko?"

Ba-Sara ya zare filon duka biyu ya jefar a ƙasa. Gwiwar ba ta sauka ba, ta tsaya a sama yadda aka bar ta. Ya durƙusa ya sa hannu a sha-raɓa, tsokar nan ta bayan ƙwauri, ya ji fata da kitse, ya matsa har ƙashi bai gamu da komai ba. Ƙafar da ta taka feda shekara arba'in ke nan. Ya zura yatsu a bayan gwiwa, ya ji jijiyoyin sun tsaya ƙyam kamar wayar shanya. Ya danne cinya, ya ɗaga diddige a hankali, ya kai inda ta tsaya ya riƙe, ya jira ta saki kamar da. Ya yi ta jira. Ya san tsayawar tsokar da ta gaji, ya kuma san tsayawar gaɓar da ta kulle, yatsansa bai taɓa rikita su ba. Wannan ta biyun ce.

Ya koma hannu. Yatsun sun dunƙule, farce ya yi shaida a tafin. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, suka yi gardama amma suka buɗe. Gwiwar hannun ta ba da hanya. Ya sa yatsansa a tafinta ya ce, "Matsa." Shiru. Can sai ya ji wani ɗan motsi a gindin babban yatsa, kaɗan ne ƙwarai, amma nata ne.

Da magana ya zo cike da baki, wata biyar yana wasa ta. Ya ɗago ya dubi ɗansa don ya fara, sai ya ga Manaja ya tsinci filo daga ƙasa yana kakkaɓewa, bai ma san abin da ya aikata ba. Shi wannan jahilci ne ya sa shi, da tumbi, da son a gani. Amma akwai wanda ya san abin da kowane mako ke ci daga ƙafar nan, ya san kowace jijiya da inda ta kama, mota ɗaya zai hau ya iso gidan, ya zauna yana wasa wuƙa yana jiran a zo a ba shi haƙuri. Duk mutanen da ya raina a rayuwarsa, masu gatari da masu ofis da masu son laushi, ba wanda ya taɓa yin aikin banza irin wannan. Ya ji ƙyamar kansa har cikin ɓargo, maganar ta mutu masa a baki.

"Baban Manaja," in ji Mai Ɗinki. Bakin ya ɗan daidaita, magana na fita a hankali. "Za ta miƙe?"

"Za ta miƙe," ya ce, idonsa a kan zanin gado.

"Shekara talatin da takwas ban taɓa jin ka ba mutum naman tsohuwar saniya ka ce masa na maraƙi ne ba. Da ni za ka fara?"

Ya ɗago ido ya dube ta. Sannan ya ce, "Ba da hannuna ba. Ta gajarce. Sai dai a koma wurin likita, ko su da wuƙarsu. Ko sun yi ma, feda dai..."

"Na sani tun jiya." Ta rufe ido ta buɗe. "Gaskiya ka faɗa ranar nan. Tun kana faɗa na san gaskiya ce. Da ka faɗa mini da bakin mutane, da ban hau motar nan ba. Na yi ta sauraron ƙofa kuma, na ce fushin kwana uku ne."

Hannunsa na kan gwiwar, wannan karon ba laluben komai yake ba. "Sannu," ya ce. Kalmar ta fito a karkace, don bakin bai saba da ita ba.

"Riƙe sannunka, ta makara. Hannun fa?"

"Da saura."

"Kamar yaya?"

"Allura ban sani ba. Kofi dai zai ɗauka, in an wahala."

Ta juya kai ta dubi kofin ruwan da ke kan faranti a hagunta. Manaja ya gani, ya yar da filon ya yi sauri ya ɗauko. "Ga shi, Mama."

"Miƙa wa ubanka," ta ce.

Ya miƙa masa a ruɗe. Ba-Sara ya karɓa, ya tallafi kanta da hannu ɗaya, ya kai kofin kusa da bakinta.

"Kai ma ka zama su?" in ji ta. "Ajiye shi a dama, inda ka saba."

Ya ɗauko farantin ya shimfiɗa a kan gado ta dama, ya ɗora kofin dab da yatsunta.

"Matsar da shi. Ka san ba nan ba ne."

Ya matsar da shi taƙi guda. Ta cusa hannun hagu a ƙarƙashin cinyarta ta danne, ta kafa wa kofin ido. Manaja ya buɗe baki zai yi magana, uban ya jawo masa kujera.

"Zauna, ɗana," ya ce a hankali. "Zai ɗauki lokaci."